Darasi Kan Ceto Kamfanin da Ya Durƙushe: Yadda Aka Farfaɗo da IBM

A cikin watan Janairu na shekarar 1993 ne kamfanin ƙera kwamfuta na IBM da ke ƙasar Amurka ya bayar da sanarwar cewa ya yi hasarar kusan dala miliyan dubu 5 a shekarar da ta gabata, wato hasarar da a lokacin ba a taɓa jin wani kamfanin ƙasar ya yi irinta cikin shekara guda ba. Ba a yi mako biyu da wannan sanarwa ba sai shugaban kamfanin, Mista John Akers, ya yarda zai sauka daga kujerarsa. Abin da ya ƙara ɗaure wa masu hannun jari kai shi ne, shekara biyu kacal kafin nan, wato a 1990, wannan kamfani ya yi cinikin dala miliyan dubu 69, ya kuma ci ribar dala miliyan dubu 6. Daga 1991 zuwa 1993 kuwa, jimillar hasarar da ya tafka ta kusa kai dala miliyan dubu 16.

Duk da haka kamfanin bai mutu ba. A shekarar 1994 ya koma cin riba, kuma ya ci gaba da ci har mutumin da aka ɗauko don ya cece shi, Mista Louis Gerstner, ya ajiye aiki a 2002. Wannan ne ya sa makarantun koyar da harkokin kasuwanci suka daɗe suna nazarin al'amarin. Yana da amfani ga duk mai riƙe da masana'anta ko kamfanin da kasuwa ta juya wa baya ya san abin da aka yi, da kuma wanda aka fara yi kafin wani, domin a irin wannan aiki jerin matakan yana da muhimmanci kamar matakan kansu.

Asalin cutar

Arzikin IBM ya ginu ne a kan manyan kwamfutoci, irin waɗanda bankuna da kamfanonin jiragen sama da ma'aikatun gwamnati ke ajiyewa a ɗaki na musamman su riƙa gudanar da dukkan lissafinsu a kai. A shekarar 1964 kamfanin ya fito da jerin na'urorin da ya kira System/360, bayan ya kashe kimanin dala miliyan dubu 5 wajen ƙirƙiro su. Caca ce babba, amma ta ci. Wanda duk ya sayi na'urar IBM, to dole ya sayi manhajarta da kayan gyaranta, ya kuma ɗauki injiniyoyin kamfanin su riƙa kula da ita. Sauya sheƙa zuwa wani kamfani yana da tsada ƙwarai, saboda haka IBM ke yanka farashin da ya ga dama. Riba mai kauri ta riƙa shigowa shekara da shekaru, aka yi ta ɗaukar ma'aikata har suka haura 400,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Matsalar ta soma ne daga wata nasara. A watan Agusta na 1981 IBM ya fito da ƙaramar kwamfuta ta kan tebur, kuma don gaggawa bai ƙera muhimman sassanta da kansa ba. Ya sayi ƙwaƙwalwar na'urar daga kamfanin Intel, ya karɓi manhajar da ke tafiyar da ita daga kamfanin Microsoft, bai kuwa hana su sayar wa wasu ba. Nan da nan kamfanoni irin su Compaq suka shiga ƙera kwatankwacinta da rahusa. Ribar wannan sabuwar kasuwa ta tafi aljihun Intel da Microsoft, aka bar masu harhaɗa akwatin suna kokawa a kan ɗan abin da ya rage. A ɗaya gefen kuma, kamfanonin Amdahl da Hitachi da Fujitsu suna sayar da manyan kwamfutoci masu iya aiki da manhajar IBM a kan farashin da ya yi ƙasa da nasa da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Cinikin manyan kwamfutocin IBM ya faɗo daga dala miliyan dubu 13 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan dubu 7 a 1993.

A nan akwai abin lura ta fuskar tattalin arziki. Kuɗaɗen da kamfani ke kashewa iri biyu ne: akwai waɗanda ke hawa da sauka tare da yawan kayan da aka sayar, akwai kuma na dindindin, kamar albashi da hayar gine-gine da kuɗin bincike, waɗanda dole a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba. IBM ya tara ɗawainiyar dindindin wadda ribar manyan kwamfutoci kaɗai ke iya ɗauka. Da ribar ta zube, ɗawainiyar tana nan daram. Jimillar cinikin kamfanin bai ragu sosai ba, don a 1993 ma ya haura dala miliyan dubu 62. Abin da ya zube shi ne ribar da ke cikin kowace dala ta ciniki. Ɗan kasuwar da ke duba yawan ciniki kawai yana iya kwana da murna alhali uwar kuɗinsa na narkewa.

Ba za a ce Mista Akers ya naɗe hannu ba. Ya rage ma'aikata kimanin 100,000 ta hanyar ba su kuɗin sallama su yi ritaya don raɗin kansu, ya sayar da sashen injunan buga takardu wanda ya zama kamfanin Lexmark a 1991, sa'an nan a ƙarshen wannan shekara ya fito da shirin rarraba IBM zuwa ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu. Masana da 'yan jaridu da dillalan hannun jari duk sun yi na'am da wannan shiri, domin ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne zamanin gangaran kamfani mai yin komai da komai ya wuce.

Baƙo a kan kujera

Mista Gerstner ya kama aiki ran 1 ga watan Afrilu na 1993, kuma shi ne mutum na farko da aka ɗauko daga waje ya shugabanci kamfanin tun bayan zamanin iyalan Watson da magadansu. Ba injiniyan kwamfuta ba ne. Ya yi aiki da kamfanin ba da shawara na McKinsey, ya zama babban jami'i a American Express, daga nan ya shugabanci RJR Nabisco, kamfanin taba sigari da biskit, daga 1989. Mutane da yawa sun yi ta zolaya cewa an kawo mai sayar da biskit ya gyara kwamfuta.

Amma yana da wani abu guda da manyan jami'an IBM ba su da shi: ya taɓa zama mai saye. A American Express ya kashe maƙudan kuɗi wajen sayen kayan IBM, ya kuma ɗanɗani girman kan kamfanin. A littafin da ya wallafa a 2002 ya ba da labarin yadda wani wakilin IBM ya janye dukkan taimakon da ake bai wa wata cibiyar lissafi ta American Express, don kawai manajan wurin ya sayi na'urar Amdahl guda ɗaya. Wanda ya ga irin wannan da idonsa ya san abin da ke damun masu saye ba tare da an rubuto masa rahoto ba.

Tun cikin makwannin farko ya umarci manyan jami'ai 50 na kamfanin da kowannensu ya ziyarci aƙalla biyar daga cikin manyan masu sayen kayan IBM cikin wata uku, ya saurari kukansu, ya rubuto masa taƙaitaccen bayani. Waɗanda ke ƙarƙashinsu kai tsaye su ma aka ɗora musu wannan aiki. Amfanin abin biyu ne. Masu saye sun ga alamar an damu da su, shi kuma sabon shugaba ya sami hanyar gane waɗanda ke aiki da gaske cikin mutanen da ya gada, tun da yana karanta rahotannin da kansa.

Kada a ɗauka cewa ɗauko baƙo shi ne maganin. A nan Nijeriya an miƙa ragamar kamfanin sadarwa na NITEL ga kamfanin Pentascope na ƙasar Holan a 2003, aka soke yarjejeniyar a 2005, aka sayar wa Transcorp a 2006, gwamnati ta sake karɓewa a 2009, kuma duk wannan bai tashe shi ba. Bambancin a fili yake. Masu hulɗa da NITEL sun riga sun sami madadi tun da wayar salula ta shigo a 2001, alhali bankuna da kamfanonin da ke amfani da IBM dukkan lissafinsu na kan na'urorinsa, saboda haka sun fi kowa son ya rayu. Tambayar farko da ya kamata mai shirin ceto kamfani ya yi wa kansa ke nan: shin akwai sauran masu sayen da za su yi kuka in kamfanin ya rufe?

Shawarar da ta fi kowace nauyi

Abin da Mista Gerstner ya ji daga bakin masu saye shi ya sa ya soke shirin rarraba kamfanin, ko da yake an riga an yi nisa, har bankunan zuba jari sun fara ƙiyasta darajar kowane sashe. Daga baya ya ce wannan ita ce shawara mafi muhimmanci da ya yanke a duk rayuwarsa ta aiki.

Dalilinsa shi ne, sabon tsarin kasuwar kwamfuta ya jefa masu saye cikin wahala. A da mutum ɗaya ake kira in na'ura ta lalace. Yanzu banki yakan sayi akwati daga wannan kamfani, manhaja daga wancan, wayoyin haɗi daga na uku, in abu ya ƙi aiki kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Shugaban banki kuwa ba kwamfuta ta dame shi ba. So yake a biya masu ajiya kuɗinsu a kan lokaci. Saboda haka akwai buƙatar wani wanda zai ɗauki nauyin harhaɗa kayan duka, ya tabbatar suna aiki, a kuma riƙe shi da alhaki in sun gaza. Babu kamfanin da ke da girma da ƙwararru da rassa a ƙasashen duniya da zai iya wannan kamar IBM. In an daddatsa shi, an zubar da abu ɗaya tilo da ya fi abokan gasarsa da shi, a koma ana da ƙananan kamfanoni goma sha wani abu, kowanne na fafatawa da wanda ya fi shi sauri a fagensa.

Wannan ba ya nufin rarraba kamfani kuskure ne a kowane hali. Abin dubawa shi ne ko sassan suna ƙara wa juna daraja a idon mai saye. In mai saye yana biyan ƙarin kuɗi don ya sami komai a hannu ɗaya, haɗin yana da amfani. In kuwa ba abin da ya haɗa sassan sai suna da hedkwata, to gara a raba.

Toshe ɓaraka

Kamfani ba ya mutuwa don ya rubuta hasara a littafi. Yana mutuwa ne ran da ya rasa tsabar kuɗin biyan albashi da bashi. Wannan ne ya sa aikin watannin farko ya karkata ga kuɗin hannu. A watan Mayu na 1993 aka ɗauko Mista Jerome York daga kamfanin motoci na Chrysler ya zama babban jami'in kuɗi. Da aka kwatanta ɗawainiyar IBM da ta abokan gasa, sai aka gano cewa su suna kashe santi 31 don samo dala ɗaya ta ciniki, shi kuwa IBM yana kashe santi 42. In aka ninka wannan rata ta santi 11 da jimillar cinikin shekara, za a ga kusan dala miliyan dubu 7 ke zurarewa. Da wannan lissafi mai sauƙi aka san girman abin da za a yanke, maimakon a yi ta lalube.

A ƙarshen watan Yuli na 1993 aka sanar da ware dala miliyan 8,900 don sake fasalin kamfanin, aka kuma ce za a sallami ƙarin ma'aikata 35,000. Ribar da ake raba wa masu hannun jari kowane wata uku, wadda aka riga aka rage daga dala 1.21 zuwa santi 54 a watan Janairu, aka sake zaftare ta zuwa santi 25. Wannan kuɗi da aka ware shi ne ya sa hasarar 1993 ta kai dala miliyan 8,100. Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa irin wannan hasara ta bambanta da hasarar ciniki: kuɗin sallamar ma'aikata ne da darajar masana'antun da za a rufe aka tattara aka rubuta a shekara guda, don shekarun da ke tafe su fito da nauyi mara yawa.

Hikimar da ke cikin yin yankan sau ɗaya ta shafi zukatan mutane. A zamanin Mista Akers, kusan kowace shekara sai an zo da sabon ragi, har ma'aikata suka koma zaman jiran tsammani, ƙwararrun cikinsu kuma, waɗanda ke da inda za su, suka riƙa karɓar kuɗin sallama suna tafiya. Ritayar raɗin kai tana da wannan illa, don wanda kamfani ya fi buƙata shi ke fara ɗaga hannu. Mista Gerstner ya so a sha ɗacin gaba ɗaya, waɗanda suka rage su san sun tsira, su mai da hankali ga aiki.

Ɗacin kuwa ba kaɗan ba ne. IBM ya shafe shekaru da dama yana alfahari da cewa ba ya korar ma'aikaci saboda karayar kasuwa, kuma a 1993 wannan al'ada ta ƙare. Ma'aikatan da suka kai kimanin 301,000 a ƙarshen 1992 sun koma kimanin 220,000 a ƙarshen 1994. Garuruwan da ke kwarin kogin Hudson a jihar Niyu Yok, irin su Poughkeepsie da Kingston, waɗanda kusan kowane gida ke ci daga IBM, sun shiga mawuyacin hali, masana'antar Kingston ma rufe ta aka yi. Duk wanda ke ba da labarin wannan ceto ya tsallake wannan ɓangare bai faɗi gaskiya duka ba.

An kuma sayar da kadarorin da ba su da alaƙa da ainihin sana'ar. Sashen da ke yi wa gwamnatin Amurka kwangila ya tafi hannun kamfanin Loral a kan kimanin dala miliyan 1,500, aka sayar da dogon benen kamfanin da ke birnin Niyu Yok, har zane-zanen da aka tara shekara da shekaru sai da aka yi gwanjonsu.

A wajen taron manema labarai na watan Yulin nan ne Mista Gerstner ya yi maganar da aka daɗe ana tsegumi a kai, inda ya nuna cewa a wannan lokaci IBM ba ya buƙatar wani dogon buri na hangen nesa. Jaridu suka yi masa ca. Abin da yake nufi shi ne kamfanin yana da tarin kundaye na tsare-tsare masu kyau, abin da ya rasa shi ne aiwatarwa.

Rage farashi alhali ana neman kuɗi

Mataki mafi wuyar fahimta ga mai kallo daga waje shi ne rage farashin manyan kwamfutoci. Kamfanin da ke neman kuɗi ido rufe, ga shi yana rage farashin hajar da ta fi kawo masa riba. Hanya mai sauƙi ita ce a bar farashin a sama, a ci gaba da tatsar waɗanda ba su iya guduwa ba tukuna, a sami kuɗin shekara biyu ko uku. Sai dai kowane wata wasu na ficewa, wanda kuwa ya kwashe lissafinsa ya mayar kan wata na'ura ba zai dawo ba. Tare da shi kuma an rasa cinikin manhaja da gyara da kayan ajiyar bayanai da ke biye da na'urar.

Abin da ya sa ragin ya yiwu shi ne wani canji na fasaha. Injiniyoyin IBM sun riga sun fara aikin sauya irin ƙwayoyin lantarkin da ke cikin manyan kwamfutoci zuwa wani iri da ake kira CMOS, wanda ya fi arha wajen ƙerawa, ba ya cin wuta sosai, ba ya kuma buƙatar a sanyaya shi da ruwa. Ba Mista Gerstner ne ya ƙirƙiro wannan shiri ba, kuma shi da kansa ya amsa haka. Nasa shi ne ya ƙi taɓa kuɗin aikin, kimanin dala miliyan dubu ɗaya, a lokacin da ake yanke komai. Sababbin na'urorin sun fito a 1994. Bisa ga alƙaluman da ya bayar, farashin ma'auni ɗaya na ƙarfin aikin babbar kwamfuta ya sauko daga dala 63,000 a farkon 1993 zuwa ƙasa da dala 2,500 bayan shekara bakwai. Kafin ƙarshen shekarar 2000, Amdahl da Hitachi sun janye daga gasar irin waɗannan na'urori a kasuwar Amurka.

Rage ɗawainiya ba yankan kan mai uwa da wabi ba ne. Shugaban da ya ce kowane sashe ya rage kashi goma cikin ɗari ya guje wa aikinsa ne, domin aikinsa shi ne ya bambance abin da ke ci da kamfanin da abin da zai ciyar da shi gobe.

Halin gida

A cikin gida, IBM ya zama tamkar tarayyar masarautu. Kowace ƙasa da shugabanta, kowane sashe da tsarinsa. An ƙirga mutum 128 masu muƙamin babban jami'in kula da bayanai, da tsarin littafin lissafi iri 266, a kamfanin da sana'arsa ita ce gyara wa wasu tsarin lissafinsu. Akwai kuma wata al'ada da ta ba kowane sashe damar cewa bai amince ba, ya tsayar da shawarar wani sashe har sai an kai magana sama. Kamfanonin talla fiye da 70 ke yi wa IBM aiki, kowanne da irin saƙonsa; a 1994 aka tattara aikin duka aka bai wa Ogilvy & Mather. An rushe kwamitin ƙoli da ke tace kowace shawara, aka kuma sake tsara masu sayarwa bisa ga sana'ar mai saye, wato masu kula da bankuna daban, masu kula da kamfanonin inshora daban, a duk faɗin duniya. Shugabannin rassa na ƙasashe, musamman a Turai, sun yi turjiya sosai, wasu sai da aka sauya su.

Abin da ya fi saurin canza hali shi ne tsarin biya. A da ana ba manaja lada ne bisa ga yadda sashensa ya yi, ko da kamfanin gaba ɗaya na nutsewa. Sai aka ɗaure ladan manyan jami'ai da sakamakon IBM baki ɗaya, aka wajabta musu su mallaki hannun jarin kamfanin da kuɗinsu, aka kuma faɗaɗa rabon damar sayen hannun jari ga dubban ƙwararru. Wa'azin haɗin kai ba ya tasiri muddin albashi na koya wa mutum ya yi ta kansa.

Sai bayan da aka koma cin riba, dala miliyan dubu 3 a 1994, aka juya ga neman sabuwar hanyar girma. Sashen hidima, wanda ke karɓar kwangilar gudanar wa kamfanoni dukkan harkar kwamfutarsu na shekaru, ya zama ginshiƙi, har aka yarda ya riƙa ba mai saye shawarar sayen kayan abokan gasa in su suka fi dacewa, abin da ya tayar da jijiyar wuya a tsakanin masu sayar da na'urori. Cinikin wannan sashe ya tashi daga dala miliyan 7,400 a 1992 zuwa kimanin miliyan dubu 30 a 2001. A 1995 aka sayi kamfanin manhaja na Lotus a kan dala miliyan 3,500, bayan tayin da shugabanninsa suka fara ƙi, sai Tivoli a 1996. An haƙura da manhajar OS/2 da aka yi ta zuba wa kuɗi don ta kara da Windows, ko da yake injiniyoyi na ganin ta fi inganci, domin masu saye sun riga sun yanke hukunci. An sayar wa AT&T layukan sadarwar kamfanin a kan dala miliyan dubu 5 a yarjejeniyar da aka sanar a 1998. Tun daga 1997 kuma IBM ya shiga tallata kansa a matsayin mai taimaka wa kamfanoni su yi kasuwanci ta intanet.

Abin da ya biyo baya

A shekarar 2001 IBM ya yi cinikin kusan dala miliyan dubu 86, ya ci ribar miliyan 7,700, ma'aikatansa kuma sun sake kai kimanin 320,000. Darajar kamfanin a kasuwar hannun jari ta tashi daga kimanin dala miliyan dubu 29 a 1993 zuwa kimanin miliyan dubu 168 a lokacin da Mista Gerstner ya miƙa ragama ga Mista Samuel Palmisano a watan Maris na 2002. Don a gane nauyin wannan, sai a tuna da takwarorinsa na wancan zamani: kamfanin Wang ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 1992, Digital Equipment kuwa, wanda ke biye da IBM a girma, Compaq ya haɗiye shi a 1998.

Akwai suka, kuma ba ta banza ba ce. Cinikin IBM a waɗannan shekaru ya yi girma a hankali in aka kwatanta da yadda kasuwar kwamfuta ke bunƙasa. Wani kaso na hauhawar ribar kowane hannun jari ya samu ne daga sake sayen hannayen jarin kamfanin da kansa, wanda aka kashe wa fiye da dala miliyan dubu 40 daga 1995 zuwa 2001. In hannayen jari suka ragu, rabon kowanne yakan ƙaru ko da ribar ba ta ƙaru sosai ba. A 1999 kuma aka sauya tsarin fansho ta hanyar da tsofaffin ma'aikata suka ga an cuce su, har aka kai ga kotu, kamfanin ya sassauta. Ya kuma dace a tuna cewa sa'a ta taimaka, don farfaɗowar ta zo daidai da bunƙasar tattalin arzikin Amurka, da zuwan intanet, da fargabar matsalar kwanan wata ta shekarar 2000 wadda ta sa kamfanoni suka yi ta sayen sababbin na'urori.

Magadansa sun bi hanyar da ya shata. An sayi sashen ba da shawara na PricewaterhouseCoopers a 2002, aka sayar wa kamfanin Lenovo na ƙasar Sin sashen ƙananan kwamfutoci a 2005. Amma kasuwa ta sake juyawa. Kamfanoni irin su Amazon da Microsoft suka fara ba da hayar ƙarfin kwamfuta ta intanet, mai buƙata ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi, wanda hakan ya rage buƙatar dogayen kwangilolin da IBM ya dogara a kai. Daga 2012 zuwa 2017 cinikin kamfanin ya yi ta raguwa har sau 22 a jere a lissafin wata uku-uku. A 2019 ya kashe dala miliyan dubu 34 ya sayi kamfanin manhaja na Red Hat, sa'an nan a watan Nuwamba na 2021 ya ɓalle babban ɓangare na sashen hidima, mai ma'aikata kimanin 90,000, ya mai da shi kamfani mai zaman kansa da ake kira Kyndryl. Wato sashen da ya ceci IBM a shekarun 1990 shi ne aka raba da shi bayan shekara 28 da soke shirin Mista Akers.